Ranar da Lavell Ya Taka Farin Layi

Yayana Lavell Gatewood shekararsa ashirin da takwas, amma in zai sauko daga bene sai ya juya baya, ya kama ƙarfe, ya riƙa sauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai saukowa daga tsani. Ranar da na fara ganin haka na ce, "Yaya, ashe ribas ɗinka ya fi giyar gaba lafiya." Ya jefo min takalmi, na goce. Ni dama tun ina yaro ban taɓa tsayawa abu ya same ni ba, shi kuma bai taɓa kaucewa ba. Bambancinmu ke nan.

Mu mutanen Marlow ne, a Mississippi. Ba mu da komai sai gonakin auduga, majami'u shida, da filin ƙwallon sakandare. Ƙwallon irin tamu ce, wadda ake rungumewa a hammata, a sa hular kwano, a kutsa cikin ƙarti. Aikin Lavell guda ɗaya ne: mai jifa ya danƙa masa ƙwallo a ciki, shi kuma ya ruga da ita gaba har sai an kayar da shi. Mai jifa ɗan gata ne, ko shafarsa ka yi da ƙarfi alƙali zai hukunta ka. Masu cafewa suna can gefe suna shan iska. Amma mai ruga da ƙwallo, duk sanda aka ba shi ya san ƙarshen zancen: mutum uku ko huɗu, kowanne kamar firji, za su haɗu a kansa. In ma ba a ba shi ba, sai a ce ya tsaya ya tare ƙaton da ya taho a guje zai murƙushe ɗan gatan.

Koci Tubbs, wanda ya shekara talatin yana horar da 'yan sakandarenmu, yana da wata hula rataye a ƙusa a ɗakin canza kaya. Hular zuwa majami'a ce ta marigayiya surukarsa, ruwan hoda, da fure da 'yar raga a gaba. To akwai farin layi a gefen fili, in ka taka shi da ƙwallo a hannu wasa ya tsaya, babu mai ikon taɓa ka. Dokar Koci ita ce, duk wanda ya ga ƙato ya taho ya taka layin don ya tsira da jikinsa, ranar Litinin da hular nan zai yi atisaye daga farko har ƙarshe.

Ni sau uku na sa ta. A na ukun Koci ya tsaya ya ƙare min kallo ya ce, "Jarvis, wallahi ta fi yi maka kyau a kan surukata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma na lura. A bar min ita mana."

Ranar na bar ƙwallo. Bayan nan na bar kwaleji a zangon farko, na bar aikin wankin mota, na bar kamfanin kaji, na bar wata yarinya a Memphis kafin ta bar ni. Amma ba labarina ake yi ba.

Lavell bai taɓa sa hular ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa aka sa masa Alfadari. Ranar Juma'a gari kaf yana fili, har limaman majami'un da ba sa ga maciji da juna, kowa na buga benci yana ihu, "A ba Alfadari! A ba Alfadari!" Koci kuwa ya ba shi. Sau talatin da biyar, sau arba'in a wasa ɗaya. In ya zo gefen fili ya ga mutum ya tare shi, sai ya sunkuyar da kafaɗa ya bi ta kansa, don yadi ɗaya tak. Mahaifiyarmu, Mama Earline, ita kaɗai ce ba ta shiga. Tana zaune a mota a waje, gilashi a rufe. Ranar Asabar ta cika baho da ruwan zafi da gishiri, ta soya masa tarwaɗa da garin masara, ta tsaya tana kallon yadda yake ɗaga cokali.

Jami'a ta ɗauke shi, su ma suka gane abin da Koci Tubbs ya gane: in kana da alfadari, me zai sa ka ɗauki kaya a ka? Shekara uku, kowace shekara ɗauka ta haura ɗari uku. Da lokacin da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen 'yan wasa ya yi, muka ɗauka rububinsa za a yi. Sai wani mai farautar 'yan wasa ya zo gidanmu, ya ci abincin Mama har da ƙari, sannan ya ce, "Yaro ne na ƙwarai, Madam. Amma tayar ta ci hanya." Ashe sun lissafa kowace ɗauka tun daga sakandare. Abin da muka fasa maƙogwaro muna yi wa kirari, shi suka rubuta a gurbin aibu. Sai can wajen ƙarshen zaɓe wata ƙungiya ta arewa ta kira sunansa.

Shekara biyun farko ya yi abin da ya saba. Ana kiran sunansa a talabijin, ni kuma ina shiga shagon aski a Marlow kamar ni na haife shi. A shekara ta uku ya dasa ƙafar hagu zai juya, wani ya faɗo masa ta gefe, jijiyar gwiwa ta tsinke. Aka yi tiyata. A ta huɗu ya dawo, kuma in ka gan shi yana gudu shi kaɗai ba za ka ce wani abu ya canza ba.

Na tambaye shi, "To Yaya, me ya rage? Ga ka nan kamar sa."

Ya ce, "Ƙofar da ƙartinmu ke buɗe min, ƙiftawar ido take yi ta rufe. Idona na ganinta kamar da. Ƙafar ce ke zuwa a makare. Rabin taku, Jarvis, ba ya fi haka ba."

Rabin takun nan ya sa suka sallame shi. Me za su yi da mai gyararriyar gwiwa, alhali duk shekara jami'o'i na juyo musu sababbi, masu araha, waɗanda ba su san ciwon baya ba?

Bara a watan Agusta wata ƙungiya ta gayyace shi gwaji. Mutum casa'in ake tarawa, a riƙe hamsin da uku, a sallami sauran. A cikin masu ruga da ƙwallo gurbi ɗaya ya rage, kuma su biyu ke nemansa: Lavell, da wani ɗan Texas mai shekara ashirin da ɗaya. Wanda bai samu ba, in ɗan Texas ne zai jira wata ƙungiya. In Lavell ne, shi ke nan, an rufe littafi.

Ranar wasan gwaji na ƙarshe muka je, ni da matarsa Shondra. Muka same shi da safe a otal, likita ya gama zuƙe masa ruwa daga gwiwa da sirinji, ya miƙe ƙafar a kan kujera an ɗaure ta da ƙanƙara. Shondra ta kalli ƙafar ta daɗe.

Ta ce, "Baban Nia, abu ɗaya nake roƙonka. In ka zo gefe ka ga sun taho, ka taka layi."

Ya ce, "In na taka sun sallame ni."

"In ba ka taka ba a turo min kai a keke. 'Yarmu Nia shekararta uku, ko ɗaukarta ba ka iya yi sai a zaune."

Na ce, "Yaya, ka taka mana. Ni sau uku na taka, ga ni nan da gwiwoyina biyu sababbi fil, ko leda ban cire musu ba."

Shondra ta ce, "Kai dalla rufe mana baki. Gwiwar da ko neman aiki ba ta zuwa, ina za ta tsufa?"

Lavell ya yi dariya har ƙanƙarar ta zame. Ya ce, "Shondra, tun ina ɗan sha huɗu ban taɓa ba. Abin da suke so a jikina ke nan. Gudu ɗan Texas ya fi ni. In ban bi ta kan mutum ba, me zan sayar musu?"

Ta gyara masa ƙanƙarar.

Da la'asar aka fara wasa, sai a kashi na uku suka sa shi. Ɗaukar farko yadi biyu. Ta biyu aka tare shi a inda ya tsaya. A ta uku ƙofa ta buɗe ta hagu, kuma wannan karon ƙafar ta zo a kan lokaci. Na miƙe tsaye ina ihun Marlow ni kaɗai a cikin baƙi, "A ba Alfadari!" Yana buƙatar yadi goma sha biyu don ƙungiyarsu ta ci gaba da riƙe ƙwallo. Ya ci goma sha ɗaya yana bin gefen fili. Sai ga wani matashi ya taho ta dama, ƙasa-ƙasa, kansa saitin gwiwar hagun nan. Na san abin da zai biyo baya, sau dubu na gani: kafaɗa ƙasa, ƙara kamar an rufe ƙofar mota, Lavell ya faɗa gaba.

Sai ya taka layi.

Matashin ya wuce ta gabansa ya zube a ciyawa. Yadi ɗaya ya rage. Lavell ya tsaya a wajen fili da ƙwallo a hammata yana kallon ƙafarsa, kamar wani ne ya ajiye ta a wurin. Shondra ta saki numfashi ta rufe fuska da hannu biyu. Ni kuma kocinsu nake kallo. Bai yi faɗa ba. Biro ya ciro daga bayan kunne ya yi ɗan rubutu. Da suka sake samun ƙwallo ɗan Texas aka ba, ya yi karo da mutum biyu, ya tashi yana rawa.

Bayan wasa, a wajen ajiye motoci, Shondra ta riƙe hannunsa ta ce, "Na gode."

Ya ce, "Kada ki gode min. Ban ji maganarki ba." Ya juyo gare ni. "Jarvis, a raina na riga na sunkuyar da kafaɗa. Na rantse maka. Ƙafar ce ta yanke hukunci ba ta shawarce ni ba."

Ranar Talata da safe aka buga masa waya. "Koci na son ganinka, ka taho da littafin dabaru." Babu ɗan wasan da bai san ma'anar a ce ka taho da littafin ba. Minti huɗu ya yi a ofishin. Kocin ya yi masa magana da mutunci, ya ce Lavell na shekara uku baya da ya ci yadin nan. A hanyar fita ya haɗu da likitan da ya zuƙe masa ruwa, ya tambaye shi, da ya tsaya an yi karon fa? Likita ya ce, "Da wataƙila yanzu ni da kai muna asibiti." Na yi ta juya maganganun nan biyu a kaina tun daga can har Mississippi, ban ga ta inda mutum zai bi ya fita ba.

Asabar ta farko da dawowarmu muka je aski shagon Mista Odell. Shago cike, Koci Tubbs na zaune a kujerarsa ta kullum, ya tsufa amma baki bai mutu ba. Ya rungume Lavell ya bubbuga bayansa, sannan ya ce, "Alfadari, mun ga wasan a talabijin. Hular tana nan a ƙusarta fa."

Shago ya ɗauki dariya. Ba da mugunta ba, wallahi, mutanen nan suna sonsa.

Lavell ya ce, "Litinin ina zuwa, Koci."

Ni na tuƙa shi zuwa filin sakandaren. Ya shiga ɗakin canza kaya ya ciro hular da hannunsa, ya ɗora a kansa, furen ya koɗe, ragar ta yage. Ya fito ya tsaya gaban 'yan wasan ya ce, "Ku saurare ni. Kowane karo da kuka yi, wani abu ne ya fita daga jikinku, kuma ba ya dawowa. Akwai masu ƙirgawa. In kun ga layi, ku taka."

Suka fashe da dariya, suka ciro wayoyi suna ɗaukarsa hoto. Sun ɗauka cikin wasan hular ne. Koci Tubbs ya tafa hannu ya ce, "Kun gani ko? Ko Alfadari bai fi ƙarfin doka ba! Kowa ya koma wurinsa!" Lavell ya sake buɗe baki, usur ya rufe maganar. Haka ya tsaya a rana awa biyu har aka tashi, don doka ta ce daga farko har ƙarshe.

Da muka iso gida hular na kansa, ya manta. Mama na tsaye a baranda. Matakala uku ce, ya dafa kafaɗata ya hau. Ta miƙa hannu ta cire hular, ta shiga da ita ciki, muka ji ta buɗe murfin kwandon shara ta rufe. Ta leƙo ta ce, "Ku shigo, kifi zai huce."

Ranar Laraba Koci Tubbs ya bugo waya yana tambayar hularsa, Mama ta ce ba ta gan ta ba. Ranar Alhamis ina zaune bakin titi, ban da aikin yi kamar kullum, na gan shi ya fito daga shagon gwanjo da wata a hannu. Ita wannan ruwan ɗorawa ce, har da gashin tsuntsu.