Lallen Gwaggo a Bankin Garwa

Mun tashi daga Mokolo ranar Laraba ana kiran assalatu, ni da gwaggona. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Likitocin ido sun sauka garinmu, ranar Juma'a za su tafi, kuɗin aikin kuwa suna banki cikin abin da mijinta ya bari. To bankin ya rufe reshensa na Mokolo, wai komai ya koma waya. Suka ce ko dala ba za ta taɓa ba sai ta je Garwa na'ura ta ɗauki zanen yatsunta.

Hanya dai sai hamdala. Kafin Marwa ramuka sun kwance mana kowace gaɓa, ga shingen jandarmomi, a sauka a nuna kati a hau. A Figil na sayi ƙosai, ɗari biyu guda huɗu, ƙanana kamar maɓallin riga. Muka iso Garwa bayan la'asar, banki ya tashi, muka sauka gidan 'yan uwa.

Washegari muka bi layi a bankin har hantsi. Ma'aikaciyar da ke ɗaukar zanen yatsu ta kama hannun Gwaggo, sai ta dube ni. Ashe daren tafiya Gwaggo ta sa an ƙunsa mata lalle baƙi wuluk har tsinin yatsu, don a wurinta mace mai mutunci ba ta shiga birni da farin hannu. Yatsa goma aka gwada, na'ura ta ƙi.

“Mama, sai lallen ya goge. Ku dawo bayan sati uku,” in ji ta.

Na nuna katinta, na ce ga ta nan zaune da ranta! Ta kira manaja. Ya gaishe mu da Fillanci, har ya rusuna, amma ya ce wallahi ba shi da iko, daga can hedikwata ake buɗe asusun.

Yinin ranar Gwaggo ta zauna da lemun tsami da dutsen goge kaushi, tana dirzar yatsunta har suka yi jini. Na hana ta, ta ce in rufe mata baki. Juma'a muka koma da sassafe, aka ce babu rezo, sadarwa ta ɗauke. Muka zauna har aka rufe ƙofa. Ko kifin Binuwai da aka soya mana kasa ci na yi, don baƙin ciki.

Asabar muka dawo gida, likitoci sun tafi, ba a san ranar dawowarsu ba. Abin da na koyo, a da ma'aikacin banki kan san fuskarka ya san gidanku, yanzu ba ya iya yi maka komai ko yana so.

Muna shiga soro Gwaggo ta miƙo min hannuwanta, ta ce, “Ɗana, duba min, ya fara gogewa? Ni ba na gani.”