Mutumin da Ya Rungumi Laka har Yamai

Shekara goma sha huɗu, kafin raɓa ta bushe Malam Na'Allah yana cikin fadamun Gaya, wando naɗe har gwiwa. Sai ya kafa sandar ƙarfe mai fukafukai huɗu cikin laka, ya yi ta murzawa har lakar ta saki, ya faɗi abin da ma'auni ya nuna. Aikinsa ke nan, auna ƙarfin ƙasa kafin a ɗora mata nauyi. Makon jiya ya aje aiki ya koma garin Karakara, mu abokan aikinsa kuwa kewa ta hana mu sakat.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai aka zo ɗaga datsi don kare gonakin shinkafar Tanda. Aka cika bututu da lakar wurin, aka toshe bakinsa da kaki, aka aika ɗakin gwaji a Yamai. Takarda ta dawo, wai ƙasa ce mai ƙarfi. Sandar Na'Allah kuwa ta ce taɓo ne zalla.

Injiniya Siddo, sabon dawowa daga karatu, ya kaɗa takardar. "Baba, injin Yamai ne maƙaryaci, ko hannunka?"

"Ranka ya daɗe, inji ba ya ƙarya, abin da ya iso gabansa ya auna. Kwana biyu a bayan kamiyo, motar kaya, cikin ranar bazara, kaki ya narke, laka ta sha iska. Ko fura ce ai ta zama dutse."

"Kai musu wata. In ka ɓata mini mako a banza, ka bar aikin."

Na'Allah ya yanko sabuwa, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ya rungume ta a cinya kamar jinjira, yana yayyafa mata ruwa. Direba Seyni, wanda ya kai shi Yamai, har yau yana ba da labarin: "A Doso na ce, Baba, sha ruwan gorar nan mana. Ya ce jinjirar ta fi shi ƙishi!"

Takarda ta biyu ta gaskata sandarsa. Aka faɗaɗa gindin datsi, kogi ya cika ya batse, bai ci ko zangarniya ɗaya ba.

Malam Na'Allah, kai ne mai hannun da ƙasa ba ta ɓoye wa sirri, amma ko a rahoto babu sunanka. Mun gode, Baba. Ku da za ku gaje shi, in takarda da hannu suka saɓa, ku bincika kafin ku yanke.

Ranar sallama Siddo ya riƙe hannunka har kamiyo ya tashi. Ya roƙe ni in rubuta maka a nan: Baba, ka yafe masa.