Igiyar Tarakta

Abin ga ya faru shekarar da anka rufe gada, kamiyoyi, manyan motocin kaya, sunka yi layi tun daga bakin gulbi har bayan gari, direbobi na dafa shinkafa ƙarƙashin motocinsu. Ruwan da ya ci gidajen Garu bai daɗe da janyewa ba. Autata na da cikin fari, ni kuwa haƙorana na gaba ba su zube ba tukuna, ina tauna goro da kaina ba sai an gurza mini ba.

A shekarar ƙarfe ya yi wuya. Sabuwar tarakta ba ta hawowa daga teku, tsohuwa kuma in ta lalace sai ta zauna, don kayan gyaranta babu su Malanbil, babu su Gaya, babu su ko'ina. Wadda ke yi muna huɗa a fadama ta tsaya tsakiyar gonar wani har ciyawa ta hito tsakanin ƙafafunta. Kaɗan ɗin da sunka rage da rai manya sun riƙe su. In ka je roƙo a ce maka gobe, goben nan kuwa ba ta da ranar kasuwa.

Ni gumin shinkafa nake yi tun ina amarya, kuma ban taɓa ɗaure riba a bakin zane ba. In na samu sai in sai maraƙa in kai wa Fulanin Tumbutu su riƙe mini. Da haka na yi garke wanda maza da yawa ba su da irinshi. Ba yabon kai ba ne, a tambaya. To a shekarar na zuba irin shinkafa, matan unguwarmu sunka zuba nasu kusa da nawa, don na ce musu su bar mini zancen huɗa. Iri kuwa shina da lokaci. In ya kai dashe ba a dasa ba, sai shi tsufa shi yi gaɓa, ko an dasa daga baya ba ya ’ya’ya. Ga iri ya yi kore shar, ga lakar fadama ta bushe kamar dutse, garmar shanu in ta taɓa ta sai ta yi tsalle. Mata ba su ce mini komi ba. Gaisuwarsu dai ta fara gajarta.

Ɗana na fari ya taɓa tuƙin tarakta a gonakin auduga na kudu. Shi ya dawo daga Gene wata rana, bai ko kashe motonshi mai ƙafa biyu ba ya kira ni daga ƙofar gida. Ya ce ya ga tarakta ja ƙarƙashin tsamiya, bayan kasuwar shanu, da garmarta, kaji na kwana bisa kujerarta. Ta wani tsohon Bafillace ce. Ɗanshi ya lallashe shi ya sai da shanu ya saye ta, daga baya yaron ya tahi birni ya bar mishi ita. Masu kuɗi sun yi ta zuwa suna tayawa, tsoho na cewa albarka. Har wani alhaji mai albasa na nan garinmu ya je da jaka, anka shayar da shi nono anka sallame shi.

Ina jin haka na san ciwon tsohon. Takardar kuɗi ba ta kuka da safe, ba ta haihuwa. Mutumin da ya rabu da shanu, shanu yake so. Na ce wa ɗana ya aro batir ya sai man gazuwal, ni kuma na aika Tumbutu a koro mini garkena ranar kasuwar Gene. Ɗana ya dube ni ya tambaya ko duka. Na ce duka, ban da karsana guda da na yi wa jikar da ke ciki alkawari.

Ranar kasuwa na sa zanena na salla na hau bayan moto. Na iske shanuna sun riga ni, na iske tsohon tsaye tsakaninsu da sandarshi bisa kafaɗa, ya ma manta da akwai mutane. Dogo ne siriri, da layu a wuya. Ni ɗiyar Arawa ce, tsakaninmu da Fulani kuwa akwai wasan taubasai tun kakanni, don haka ban gaishe shi da ladabi ba. Na ce ashe bawana ne ya zama mai mota. Ya ce sannu da zuwa baiwarshi, ya ga na yi kiwon shanun ubangijina da kyau, zai karɓi kayanshi yanzu. Jama'a sunka yi dariya, dillali ya matso, wani gajere mai muryar kakaki da duk kasuwar ta sani.

Tsoho ya duba shanuna baki da kofato, ni ma na ce a tada mini tawa dabbar in ji muryarta. Ɗana ya ɗaura batir ya zuba gazuwal. Ɗan makullin taraktar na rataye cikin layun tsohon, bai kuwa cire shi ba. Hawa ya yi, ya sunkuya har haɓarshi ta kusa taɓa sitiyari, ya murɗa da igiyar a wuyanshi. Ta yi tari, ta yi tari, sai ta ɗauka. Hayaƙi ya turnuƙe tsamiya, kaji sunka watse, ni kuwa ban san sa'ad da na kama hannun wata mai sai da fura da ban taɓa gani ba. Ɗana ya zagaya ta, ya kasa kunne nan, ya taɓa can, ya ɗaga garma ya sauke. Ya dube ni ya gyaɗa kai. Tsoho ya kashe ta ya sauko.

Ciniki bai yi tsawo ba. Ya so in ƙara mishi karsanar da na bari, na ce ta wadda ba a haifa ba ce, ya ce to ba ya jayayya da wanda ke hannun Allah. Dillali ya haɗa hannun tsoho da na ɗana, tsoho ya ce ya sallama, anka shafa fatiha. Nan take danginshi sunka kora shanuna cikin nasu. Na bi su da ido har jar saniyata ta ɓace cikin ƙahoni. Ban yi kuka ba.

Ɗana ya miƙa hannu a ba shi makulli. Tsoho ya mai da shi cikin riga.

Mun ɗauka wasan taubasai ne, har na fara zaginshi. Sai na ga fuskarshi ba wasa. Ya ce shi tun da ubanshi ya fara kawo shi kasuwa bai taɓa sai da dabba da igiyarta ba. Mai saye shi ke zuwa da tashi igiyar. In ka bar igiya ta bi dabba, arzikin garke ya bi ta, ka koma gida hannu wofi. Kowa a wurin ya san haka, ni ma na sani, ko akuya na saya da igiyata nake zuwa. Ya ce wagga dabbar ƙarfe da ɗan ƙarfen ga ake jan ta, abin da ake jan dabba da shi kuwa shi ne igiya. Ya riga ya yi asara sau ɗaya a kanta, yau da shanu sunka dawo mishi ba zai miƙa arzikinsu da hannunshi ba. In zo da nawa makullin in ja abata.

A shekarar da ko ƙusa ba a samu, ina za ni ga makullin tarakta? Dillali ya yi magana har muryarshi ta dushe, tsoho bai motsa ba. Na taya makullin da kuɗin igiya, ya ce ba na sayarwa ba ne. Sai ga alhaji mai albasa, ashe shina cikin taron tun ɗazu. Ya gaishe ni da Gwaggo, da murya mai sanyi, ya tuna wa dillali ƙa'idar kasuwa, cewa dabbar da ba ta bar turke ba har kasuwa ta watse, cinikinta ya warware. Ya ce shi ba ruwanshi da makulli, kamiyo zai kawo ya ɗauke ta, ya kuma sai wa tsoho shanun da sunka hi nawa. La'asar ta yi, masu tumaki sun fara kama hanya.

Ɗana ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa shina iya haɗa waya biyu ta tashi ba makulli. Na ce mishi a'a. Garken da na tara tun ina amarya na bayar, ba za ni shiga gari bisa abata kamar ɓarauniya ba, jandarma su tsai da ni a hanya su ce ina makulli in kama kame-kame. Kuma tsohon ga in an yi mishi haka, cewa zai yi an ƙwace.

Na koma na zauna bisa garmar, na gyara ɗaurin kallabina. Iri na gani a idona, da fuskokin matan unguwa. Na kira tsoho, na ce ina da tambaya irin ta jahilar Arawa, shi masanin shanu shi koya mini. Na tambaye shi saniya in an kwance mata igiya tana tahiya. Ya ce tana tahiya mana. Tana kuka, tana cin ciyawa? Ya ce har ta hi sakewa. Na ce to ga tashi dabbar an kwance mata igiya, shi kira ta mu gani.

Na ɗaga murya yadda na bayan taro za su ji.

“Bawana, ɗayan biyu ne. Ko ɗan ƙarfen ga jikinta ne, da shi anka haife ta, kamar harshe a bakin saniya. Ko kuwa igiya ce yadda ka ce, to dabbar da ba ta motsi in an kwance ta, sunanta mushe. Ka zaɓa. In igiya ce, a shaida, yau Bafillace ya sai da mushe a kasuwar Gene.”

Kasuwa ta ɗauki dariya har masu awaki sunka dawo. Tsoho bai yi dariya ba. Ya sa hannu cikin riga ya daɗe. Tsoro ne na gaskiya a idonshi, ba rowa ba, sai na ji ya ba ni tausayi. Ya ce a hankali, “To ni da mi za ni koma gida, ɗiyar Arawa?”

Na ce da igiya, kamar kowane mai shanu. Na sa shi ya kwanto igiyar da ke ɗamarar rigarshi, wadda ya tufka da hannunshi, ya ɗaura ta a ƙarfen gaban taraktar. Na aika anka sayo mini sabuwa wajen masu igiya. Na ce shi ja dabbarshi da tashi igiyar ya hid da ita daga turke, sa'annan shi kwance abinshi in ɗaura tawa. Ya juya maganar, ya dubi wani tsoho ɗan'uwanshi, wancan ya gyaɗa kai. Sai ya ciro layun, ya kwance ɗan makullin, ya tofa mishi addu'a ya aje a tafin ɗana.

Wanda bai ga wannan ba bai ga komi ba. Tarakta na ruri, ɗana bisa kujera shina tahiya da ita kamar hawainiya, ga dogon tsoho a gaba da igiya a kafaɗa, shina yi mata irin kiran da suke yi wa shanu. Ita kuwa tana bin shi. Mata sunka saki guɗa, dillali na gudu gefe shina kora mutane da hularshi. Da sunka hita inuwar tsamiya tsoho ya tsaya, ya kwance igiyarshi ya naɗe ta a hannu, ya shafa gaban taraktar ya ce ta yi haƙuri, ba su dace da juna ba. Ni na ɗaura tawa da hannuna. Na waiga neman alhaji, na hango bayan rigarshi wajen masu kilishi.

Bisa taraktar na dawo Malanbil, zaune kan ƙarfen da ke rufe babbar ƙafa, hannu ɗaya a kafaɗar ɗana, ɗaya riƙe da kallabi. Ƙashin bayana ya yi mako shina ba ni labarin hanyar, amma a ranar ban ji komi ba. Jandarma sunka tsai da mu, sunka ga tsohuwa da igiya a gaban tarakta, babbansu ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ce mu wuce. Direbobin kamiyo da ke zaman jiran gada sunka yi ta danna muna oda. Ban bari anka nuhi gida ba. Na ce fadama, tun da sauran rana.

Garma ta shiga lakar nan ta juya ta baƙa ƙirin, ƙamshin ƙasa ya tashi, balbelu sunka sauko ko daga ina. Gonar wata bazawara da irinta ya hi na kowa tsufa, ita munka fara, tawa ta zo daga baya. Anka sako ruwa, munka shiga dashe da waƙa, laka har gwiwa. Kaɗan daga irin ya riga ya yi gaɓa, wannan mun yi asararshi. Saura ya kama.

Cikin waɗanda sunka tsaya ƙarƙashin tsamiyar ranan, dillali Allah ya yi mishi rasuwa da azumin bara, da tsohon da ya gyaɗa kai. Bazawarar da munka fara gonarta ta yi aure ta ƙetare gulbi. Alhaji mai albasa na nan, muna gaisawa. Ɗana na nan, furfura ta fara mishi a gemu. Bawana ma na nan wajen Tumbutu, ido ya yi rauni, amma an ce har yau da hannu yake gane shanunshi ɗaya bayan ɗaya. Sai ni.