Ƙanen Ramzi

A shekarar 2021 na fara ganinsa, a asibitin da ake wanke mini ƙoda a garin Asyut na ƙasar Masar. Ma'aikacin haɗa wayoyin kwamfuta ne, siriri, ba ya son magana. Yana jera wayoyi da tsabta irin wadda malamanmu na mishan suke nema a rubutu. Ya ware wa injinan jinya hanyarsu, kwamfutocin ofis tasu, ya haɗa su da na'urori biyu. Ɗaya tana aiki, ɗaya tana jiran ranar da 'yar'uwarta za ta ɗauke, don kada sakamakon jininmu ya maƙale bai kai ga likita ba.

Bai yarda da gwajin baki ba. Da hannunsa yake zare wayar ta farko, ya tsaya cak har fitilar ta biyu ta kama.

"Ramzi, wata rana sai ka kashe mu!" in ji Nawal, mai jinyarmu. Sai ta dafe baki, ta raɗa mini, "Ramzi yayansa ne, Baba. Shi ya koya masa aikin. Ya rasu bara."

Ina zaton 'ya'yan marigayin ma shi ke riƙe da su.

Ya mayar da wayar a hankali.

"Na'am," ya ce. "Bar shi haka, ina amsa sunan."