Kek ɗin 'Yar Fari

'Yata ta fari ta girma har ta yi aure ban kira ta da sunanta ba. Haka na tarar ana yi a gidanmu, can ƙasar Katsina inda aka haife ni. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ce, kuma ana yaba wa mace a kanta. Innata ta yi wa yayanmu haka har ta koma ga Allah, bai taɓa jin an rage shi da komai ba, domin ga kaka, ga gwaggonni, ga matan gida, kowa na rige-rigen goya shi. Ni kuwa aure ya kawo ni Jos, ɗaki biyu na haya a Dutse Uku, babu kaka babu gwaggo. Na ɗauko kunyar na taho da ita, na baro masu cike gurbin a can, kuma ban lura ba sai da furfura ta fito mini.

"Ke" nake ce mata. Da na haifi ƙanwarta sai na samu sauƙi, ta koma "yayarki". Su biyu kaɗai Allah ya ba ni.

A gidan hayar akwai wata Bayarabiya da muke kira Maman 'yan biyu, tana sayar da atamfa. Ita ta koya mini yin kek, kuma ita ce ta fara yi mini magana a kan yarinyar. Wata rana tana tsaye a ƙofar kicin ta ji na ce, "Ke, kawo muciya," sai ta riƙe ƙugu.

"Wannan yarinya ba naka ba ne? Me ya sa ba ka kiran sunan shi?"

Na ce mata ta fara gyara Hausarta tukun kafin ta zo gyara mini tarbiyya. Ta yi dariya ta ce ni dai bakina ya fi wuƙa. Ni ma na yi dariya, a raina ina cewa mutanen da ke rungumar 'ya'yansu a bakin titi me suka sani game da kunya.

Ba ni da oben na gasa kek a lokacin. Yashi nake wankewa in shanya, in zuba a gindin babbar tukunya, in ɗora a kan gawayi, in zuba garwashi a kan murfi. Ranar Juma'a bayan la'asar nake yi. Sanyin Jos yakan daskarar da bota har cokali ya lanƙwashe, sai in ajiye ta kusa da murhu ta saki, sannan in buga ta da sukari da muciya har kafaɗata ta yi tsami. Gwangwanayen madara nake shafa wa mai in zuba kwaɓin, in jera su a kan yashi, in riƙa soka tsinken tsintsiya ina dubawa. Ƙamshin kan fita har layi, yaran maƙwabta su yi ta neman dalilin shigowa.

Na babbar daban nake yi. Idan kwaɓin ya kusa ƙarewa sai in bar kamar ludayi biyu a kwano, in aiki yaran ɗebo ruwa ko kwashe shanya. Da sun fita sai in ciro ƙwai guda da na ɓoye a cikin shinkafa, in fasa, in zuba gwaiduwar kaɗai, in ƙara bota cokali guda da madarar gari, in kankare kwanon tas don kada ko ɗigo ya salwanta. Shi nake gasawa a ƙarshe, shi kaɗai, lokacin da zafin yashin ya kwanta ya daidaita, a wani ɗan kwanon silba mai kauri wanda ba ya ƙona gindi. Yakan fito ya fi sauran duhu saboda botar, ga laushi kamar auduga. Ko babansu bai san ina yi ba. Wallahi duk abin da bakina ya kasa faɗa mata a cikin kwanon nan nake zuba shi, kuma na ɗauka duk wanda ya ɗanɗana zai gane.

Fitar Asabar kuwa ra'ayin babansu ne. Malamin makaranta ne, yana da wata tsohuwar Fijo da sai an tura ta in ta kwana cikin sanyi. 'Yan unguwa har Turawan Dutse Uku suke ce mana, shi ko a jikinsa. Da hantsi za mu loda tabarma da kular abinci, soyayyen dankali da ƙwai, wani lokaci gwaten acca, da zoɓo a galan, da kek a cikin kwando. Wata Asabar mu nufi gindin duwatsun Shere, wata mu bi hanyar Bukuru mu zauna a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, a inuwar itatuwan turare. Yana tuƙi yana waƙar da bai iya ba, ni ina yi masa tsiya cewa jaki ma ya fi shi murya. In ruwa ya sauko mana da ƙanƙara mu kwashi kaya a guje mu cunkushe cikin mota muna ci a kan cinya. Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar a shekarun nan ba.

Idan aka zo rabon kek, na babansu in miƙa masa, na ƙaramar in sa mata a baki ma in ta yi shagwaɓa. Na ƙarshen kuwa sai in naɗe a takarda in ce wa ƙaramar, "Miƙa wa yayarki." Sai in juya ina kallon ruwa, kunnena na wajenta. Takan koma gefen tabarma ta cinye shi tas ba ta ce komai ba. Na ce a raina yarinyar nan ta gado ni, ta gane, kunya ce ta hana ta magana.

Sau ɗaya ta zame daga kan dutse gwiwarta ta fashe, tana da shekara bakwai ko takwas. Na zabura har na miƙe, sai na hango wasu matan unguwarmu da su ma suka fito shan iska suna kallona. Na koma na zauna. Babanta ne ya rugo daga wajen mota ya ɗauke ta. Tana kafaɗarsa tana kuka tana kallona, ni kuma ina ta gyara murfin kula da ba abin da ya same shi. Matan suka ce lallai wannan 'yar gidan mutunci ce. Na ji daɗin yabon, Allah ya yafe mini.

Babansu ya rasu tana ajin ƙarshe a sakandare. Aka sayar da motar, fitar Asabar ta mutu, ni ma na kife tukunyar yashin a bayan ɗaki. Yarinyar ta yi karatun jinya, ta kama aiki, ta yi aure a Anguwan Rogo. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Kullum za ta kira ta gaishe ni, maganin hawan jinina bai taɓa yankewa ba, da salla ita ke fara aiko da ɗinki. Amma in ta zo gida a bakin kujera take zama, jaka a cinya, kamar wadda ta zo gaishe da surukarta. Ƙanwarta kuwa kan gadona take hayewa ta buɗe mini tukunya ta ce miyar ba gishiri.

Bara ta samu aiki a Ingila, ita da mijinta za su tafi. Ƙanwar ce ta ce lallai mu fita ranar Asabar ta ƙarshe kamar yadda muke yi da, mu uku kawai. Na ce da tsufana za a kai ni hawan dutse? Amma tun ranar Laraba na sa aka samo mini yashi, duk da akwai oben a gidan yanzu. Ranar Juma'a na yi komai yadda na saba, har kwanon silbar na tono daga ƙasan kabad.

Muka ɗauki tasi zuwa bakin kududdufin nan na hanyar Bukuru. An sare rabin itatuwan, an yi gine-gine har kusa da ruwa, amma mun samu wuri mun shimfiɗa tabarma. Muka ci dankali, suka yi ta hirar babansu da motarsa muna dariya. Da na buɗe kwandon kek, hannuna ya kai kan wanda ke naɗe a takarda, sai babbar ta riga ni magana, tana dariya tana kallon ƙanwarta.

"Miƙo mini na kankaren kwanon, shi na saba ci."

Na ce, "Na me?"

"Na ragowar kwaɓi mana, Mama. Ai ina leƙen ki ta taga kina kankare kwano da cokali bayan kin cika na kowa. Shi ya sa nawa kullum ya fi baƙi, wutar ta riga ta gaji." Ƙanwar ta amsa daga hannuna ta miƙa mata, ta ɓare takardar. "Ba komai fa. Da ina ƙarama nakan yi kuka a banɗaki, daga baya na saba. Na ce ai ba dole ne uwa ta so 'ya'yanta daidai ba."

Ba da fushi ta faɗa ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin wata tsohuwar rashin lafiya da ta warke tuntuni. Ashe ta taga tana ganin ƙarshen aikin ne kawai, ba ta taɓa ganin ƙwan ba.

Da ni mai hankali ce, da na kama hannunta a wurin. Amma halina ya riga ni. Na hau ta da faɗa. Na ce ashe harshenta na katako ne da bai san bota ba? Na ce shekara nawa ina ɓoye ƙwai a cikin shinkafa kamar ɓarauniya saboda ita, ta zo yau ta ce mini ragowa? Na ce butulci iri-iri ne. Ina ta faɗa, masu wanke babur a bakin ruwa suka tsaya suna kallonmu. Ƙanwar tana ta cewa, "Haba Mama, haba Mama."

Ta bari na gama. Ta dubi kek ɗin da ke hannunta, sannan ta ce, "Allah sarki. Ban sani ba. Ki yi haƙuri, Mama, na gode." Ta gutsura kaɗan don kada in ji haushi, ta naɗe sauran ta sa a jaka. Irin godiyar da take yi wa maƙwabta in sun kawo mata abincin salla, ita ta yi mini. Na gane a wurin cewa ta yarda da maganata, amma maganar ta zo a makare, babu inda za ta shiga.

Kwana huɗu suka rage mata. Na yi su ina gwada sunan a bakina in na idar da salla, a hankali, kamar mai koyon karatu. Suna ne mai sauƙi, rabin 'yan matan unguwarmu shi gare su, kuma duk wadda ke da shi laƙabi nake yi mata don kada in faɗa. Na yanke cewa kafin ta bar garin nan sai ta ji shi daga bakina.

Ranar Laraba da safe muka raka su tasha, za su hau mota zuwa Abuja inda jirgin zai tashi. Tashar cike take, 'yan kamasho na ihu, masu dankali da kabeji na tura buhuna a ƙarƙashin kujeru. Ta durƙusa ta gaishe ni, na sa mata albarka, na ce ta riƙe salla, ta kula da sanyi. Ta miƙe ta nufi motar, mijinta na gaba da akwati. Tana da taku kamar goma daga inda nake na buɗe baki na kira ta. Muryar ta fito siririya, ni kaina ban san ta ba.

Ta tsaya ta juyo. Idonta ya wuce ta kaina, ta duba wajen masu sayar da burodi, ta duba bayan motoci, ta duba wasu mata da ke tsaye a bayana. Sai ta dawo da kallonta gare ni.

"Mama, kin ji kamar wani ya kira ni?"

Ƙanwarta na gefena, surukina ya juyo, direba na buga ƙofa yana cewa saura mutum biyu. Na gyara mayafina.

Na ce, "A'a, ban ji ba. Je ki, kada motar ta bar ki."