Jiran da Muka Kai Bayan Katanga

Shekara goma sha ɗaya na yi ina share wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, a ƙasar Madarumfa kafin in san ashe ba mu iya aiki ba. Sai da aka taso mota tun daga Yamai aka zo aka faɗa mana. Ba zan faɗi ƙauyen ba, domin mutanen da zan ambata duk suna da rai, kuma har yau muna gaisawa.

Likitar ɗaki uku ce da baranda, sai bishiyar bedi biyu a tsakar fili. Majo ɗaya gare mu, wato babban malamin jinya, shi ke duba kowa, sai unguwarzoma a ɗakin haihuwa, sai mai gadi, sai ni. Aikina a takarda shara ne da wanke-wanke. Aikin da ba a rubuta ba shi ne layi.

Da damina, lokacin masassara, filin nan cika yake yi da mata masu goyo, daga ƙauyukan bakin tabki har da na wajen Gabi. Kowace ta zo sai ta ajiye karnen ɗanta a baranda, wato ɗan littafin da majo ke rubuta ciwo da magani a ciki, a ɗora dutse a kai, ta je ta zauna a inuwa. In na gama shara sai in bi su ɗaya bayan ɗaya. In taɓa goshi, in ja fatar ido in ga ko ta yi fari, in dubi yadda haƙarƙari ke shiga yana fita. Yaro mai tsala ihu ba ya ba ni tsoro, yana da ƙarfin jira. Wanda ya yi laƙwas, an cusa masa nono bai kama ba, shi nake zare karnensa daga ƙasa in mayar sama. Ba wanda ya koya mini. Na haifi tara, na binne uku.

Zagi kam na sha shi.

"Haba Inna! Tun asuba nike nan, waccan yanzun nan ta sauka daga moto!"

"Naki ƙosai biyu ya cinye a gabana. Zauna."

Sai sauran su yi dariya, ita ma ta yi tsaki ta zauna. Kowace ta san wata rana nata za a zare.

A lokacin ban daɗe da gama karatun manya ba. Na shiga ina da shekara arba'in da wani abu, da jika a bayana, na fito na iya rubuta sunana da lambobi, na iya duba agogo. Ba na ɓoyewa, kaina ya yi girma. Ko kwalin magani na tsinta a shara sai na tsaya na karanta shi da ƙarfi. Ta nan aka kama ni.

Motar nan ta Yamai ta wani furoje ce, wato shirin tallafi, kuma wanda furojen ya aiko wani mushe ne, kamar yadda muke ce wa ɗan boko, siriri mai tabarau, mai ladabi, har da rusunawa in zai gaishe ni. Kwana uku ya yi da mu, kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce inganci. Ya tambaye mu awa nawa mace ke yi kafin ta ga majo. Ba wanda ya sani. Sai ya zauna yini guda a baranda da agogonsa, da yamma ya ce wasu tun safe har bayan azahar suke kaiwa. Gaskiyarsa, haka ne.

Na ce, "Mushe, majo ɗaya ne, hannunsa biyu. Ku ƙaro mana wani."

Ya yi murmushi ya ce furojen ba na ƙara ma'aikata ba ne, na koyon aiki da abin da ke akwai ne. Ya kuma ce ya lura ana fifita wasu a layi, kuma wannan rashin adalci ne. Bai dube ni ba da ya faɗa, amma kowa ya dube ni.

Ya bar mana agogon bango, da tulin takardu, da ƙa'ida. Kowace mace a ba ta lamba, a bi lamba. A rubuta lokacin da ta shigo ƙofa, a rubuta lokacin da ta isa gaban majo. Ƙarshen wata a aika takardun, za a jera likitocin yankin a ga wa ya fi saurin sallamar mutane.

To wa zai rubuta? Majo ba shi da lokacin shan ruwa ma. Unguwarzoma ta ce, "Ga Inna nan, ai yanzu ta iya." Aka fito mini da tebur da kujera da bik na rubutu, aka kafa ni a baranda. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa zama a kujera a gidan nan ba. Washegari sabon zane na ɗauro.

Watan farko takardunmu suka tafi da gaskiyarsu, suka dawo mana da kunya. Mu ne na ƙarshe. Majo ya je taro ya dawo fuska a murtuke. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Mutum ne da ke duba yara tun safe har la'asar da shayi kofi ɗaya a cikinsa, sannan a tashe shi tsaye gaban sa'o'insa a ce shi ne ya fi kowa nawa. Ba shi da wani saurin da zai ƙara. Ya tsaya a baranda ya daɗe yana kallon ƙofar gidan, sannan ya ɗauki takarda ɗaya ya karanta kanta a hankali.

"Lokacin shigowa ƙofa," in ji shi. "Haka suka rubuta ko, Inna?"

"Haka suka rubuta."

Washegari aka rufe ƙofa. Mai gadi ke raba lamba a waje, ya riƙa shigo da mata biyar-biyar. Mace ta shigo, in dubi agogo in rubuta. Jim kaɗan ta shiga wurin majo, in sake rubutawa. Jiran da ke kai yini ya koma ƙasa da rabin awa. Kuma wallahi ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Kowane layi da na cika da hannuna gaskiya ne, abin da ke ci mini rai ke nan har yau.

Fili ya yi fes. Inuwar bedi ta koma ta ƙadangaru. Mata kuwa suna bayan katanga a bakin hanya, inda ba ko kara tsaye, masu moto, wato babur, na watsa masu ƙasa. Muka tashi daga na ƙarshe muka koma kan gaba. Aka liƙa wata takarda a bango mai zanen layi yana gangarowa, aka riƙa turo ma'aikatan wasu likitoci su zo su koyi dabararmu. Mushe ya dawo ya ɗauki hoton filin ba kowa, ya ce bai taɓa ganin canji da sauri haka ba. Ina cikin hoton, da bik a hannu, ina washe baki.

Daga teburina ina jin hayaniyarsu, ina jin kukan yara, sai in ce da kaina ai lafiya lau, ga su nan da ƙarfinsu. Ni da na fi kowa sanin wanda ba ya kuka.

Ran nan wajen sha ɗaya da rabi bik ɗina ya ƙare. Na fita in sayo wani wurin mai tebur, karo na farko da na taka waje da rana cikin makonni. A gindin katanga, inda inuwar ba ta fi tafin hannu ba, na ga wata yarinya zaune ta lulluɓe ɗa da gefen mayafi. Ba ta lallashi, ba ta jijjiga shi, ba ta ko dubansa.

"Ɗiyata, daga ina?"

"Daga wajen Gabi, Inna."

"Mi ya same shi?"

"Ba komai. Da sauƙi."

"Na fari ne?"

Ta sunkuyar da kai. Shi ke nan na gane. A wurinmu mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta faɗa. Da uwar mijinta ta rako ta, da ita za ta yi magana, amma tsohuwar tana gona. Yarinyar nan za ta zauna da lambarta ta hamsin da takwas a dunƙule a hannu har yaron ya ƙare a cinyarta, ba za ta tashi ta buga ƙofa ta ce a taimaki ɗana ba. Mushe bai san wannan ba, ba a haife shi nan ba. Mu da muka rufe ƙofar mun sani.

Na ɗaga mayafin. Fatar idonsa fari fat kamar takardun da nake cikawa, wuya ya saki, numfashi sama-sama. Na sungume shi na nufi ƙofa. Mai gadi, tsoho sa'ana da muka yi wasan ƙasa tare, ya tare ni da sandarsa.

"Ke, lamba ta ashirin da biyu ake ciki."

"Kauce."

"Majo ya ce..."

"Kauce ko in bi ta kanka, kai da majon."

Ya kauce. Majo ya dubi yaron sau ɗaya. Ya sallami wadda ke gabansa, ya yi masa allura, ya kira a waya a zo a kai shi Maraɗi a ƙara masa jini. Yaron ya rayu. Bayan wata guda kakarsa ta zo da shi, ita ce ta yi godiya, uwar na tsaye gefe tana kallon ƙasa.

Amma a ranar, bayan motar ta tafi, na koma tebur da sabon bik na cika layinsa. Ya shigo sha biyu saura ashirin, ya ga majo sha biyu saura sha tara. Minti ɗaya. Ba mu taɓa samun lamba mai kyau irin wannan ba. Na tambayi mai gadi yaushe yarinyar ta iso, ya ce rana ba ta fito ba.

Daga washegari na riƙa fita da takarduna tun da safe ina rubuta lokacin da mace ta iso gindin katanga, ina kuma duba yaran. Ban gaya wa kowa ba. Ƙarshen wata majo ya haɗa takardun zai aika, sai na ji ya ƙwala mini kira.

"Inna, kin kashe ni. Lokacin shiga aka ce, ba lokacin zuwa ba."

"Majo, karatuna bai yi nisa ba. Jiran ciki da jiran waje, ban ga bambancinsu a bayan mai goyo ba."

"Ke ba ke za a tsayar a taro ba."

"Kai ma ba kai ke zaune a rana ba."

Sannan ya ce na ɓata aikin wata guda, kuma tunda wajen nake so, in koma can. Aka mayar da teburin cikin ɗakin haihuwa, unguwarzoma ta riƙa cika takardun in ta samu sarari, wani lokaci na yini uku a zama ɗaya. Lambobinmu suka ci gaba da yin kyau. Amma a ranar, ina tattara tarkacena zan fita, sai majo ya ce, murya ƙasa-ƙasa, yana rubutu bai ɗago ba, "Wanda kika ga ya yi nauyi ki shigo mani da shi. Na gaya wa mai gadi."

Hukuncin da aka yi mini ke nan, kuma ban roƙi sassauci ba.

Da shekara ta zagayo wani furojen ya zo, da wata motar da wasu mutanen. Su abin da suke aunawa shi ne saurin gane yaron da ciwonsa ya yi tsanani. Suka same ni a bakin hanya ina jan fatar idon ɗan wata. Suka tambayi majo wannan fa, ya gyara tsayuwa ya ce tsarinmu ne na tacewa a ƙofa, mun ƙirƙiro shi a cikin shirin inganci. Suka rubuta da sauri. Na dube shi, ya dubi sama.

Aka kira ni Maraɗi kwana biyu a koya mini yadda ake gane yaro mai tsananin ciwo. Wata yarinya sa'ar jikata ta riƙa nuna mana hotuna, ta ce in ido ya yi fari kaza ne, in bai kama nono ba kaza ne. Duk daidai ta faɗa. Har na ƙaru da abu ɗaya, danna bayan ƙafar yaro da yatsa a ga ko wurin zai lotsa, kuma ina aiki da shi. Aka ba ni takardar shaida da riga mai tambari.

Ranar rufewa babbansu ya ce ko akwai mai buƙata. Na ɗaga hannu na ce a buɗe mana ƙofa, inuwa tana ciki. Ya ce ƙofar tana ƙarƙashin wancan furojen ne, kuma sakamakonta na da kyau ƙwarai, ba za su taɓa abin da ke tafiya daidai ba. Amma za su duba yiwuwar kafa rumfa a waje.

Sun duba kuwa. Sau biyu aka zo awon wurin. Zuwa na biyu ni na riƙe masu bakin igiyar, da rigata mai tambari, mata sun ja gefe suna kallo. Wata mai goyon tagwaye ta matso, gumi na zuba daga haɓarta.

"Inna, mi ake aunawa?"

"Inuwa."

"To in sun gama a sam mani kaɗan."