Rufin Aji Uku

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a makarantar marayun ƙauyenmu, kuma babu bencin da hannun Baba Kafinta bai bi ta kansa ba. Ba ma'aikacinmu ba ne. Shagonsa ne ke jikin katangarmu, shi kuwa mutum ne da ba ya iya ganin ƙusa ta leƙo ya wuce. Tsofaffin ƙusoshi yake tsintowa, ya miƙe su a kan dutse, ya tara a gwangwani. In ka yi masa godiya sai ya harare ka.

Babban ciwonmu rufin aji uku. Kwanon ya zama rariya. Da an fara yayyafi, yara arba'in da biyu sai su kwashi littattafai su cushe a lungu ɗaya.

Bara wata ƙungiya ta aiko cewa za ta duba makarantu biyu, ta yi wa ɗaya sabon rufi. Baba na jin haka hankalinsa ya tashi.

"Baƙi su zo su ga 'ya'yanmu a haka? Haba Malama, maraici ai ba wulaƙanci ba ne."

Ya ɓamɓare kwanon rumfar shagonsa, ya hau da gwiwoyinsa masu ciwo, ya liƙe ramukan ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku yana kai.

Baƙin suka zo su uku, ko minti ashirin ba su yi ba. Babbansu ya ɗaga kai ya ce, "Ai ku sai godiya." Na ce masa faci ne, ba zai kai damina biyu ba. Ya yi murmushi, ya rubuta abin da ya ga dama. A ɗaya makarantar kuwa, hedimastan ya ɓoye bencunan makarantarsu a gidan ƙaninsa, ya zaunar da yara a ƙasa, aka yi ta ɗaukar hoto. Su aka yi wa rufin.

Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Wato sai mutum ya tuɓe a tsakiyar kasuwa kafin a ba shi riga? Wanda ya rufa wa marayu asiri shi ne ya yi laifi?

Bana sun ce za su dawo ran Laraba. Hedimastanmu ya kira Baba, yana ta sosa ƙeya.

"Baba, facin nan... a daure a cire shi kafin Laraba."

Baba ya ɗauko gudumarsa. Ya jingina tsani ya hau. Ina cikin aji ina koyarwa, hasken rana yana faɗowa a kan teburan yara, rami bayan rami. Sai wata 'yar ƙarama ta ɗaga kai, ta hango fuskarsa ta ramin.

"Baba, laifin me muka yi maka?"

Gudumar ta tsaya.

"Ba ku yi komai ba, jikata," ya ce. "Matsa can, kada ƙusa ta faɗo miki."